Yadda Za Ka Zama Gwanin Manhaja A Gidan Surukanka

Bi matakan nan tara yadda na jera su, ni kuma na yi maka alkawari: kafin wata uku babu wanda zai ƙara kiran sunanka a gidan surukanka. Injiniya za su riƙa ce maka, har da masu digirin gaske a cikinsu. Ba sai ka karanta komai ba, ba sai ka iya gyara komai ba. Ni ɗin nan tayil da kan famfo nake sayarwa a shagon wani, amma shekara biyar ke nan ina riƙe da wannan muƙami a gidan su matata. Hanyar tabbatacciya ce, a kaina na gwada ta. In ka bi ta ba ta yi maka aiki ba, ka binciki kanka, wataƙila ka je ka koyi wani abu a ɓoye.

1. Tara manhaja, kada ka buɗe ta

Buɗe folda a kwamfutarka ka sa mata suna "Kayan Aiki". Duk manhajar da ka ji an ambata, sauke ta ka jefa ciki. Mai share dattin kwamfuta, mai matse fayil, mai auna zafin inji, da wadda ke auna ko mai auna zafin gaskiya take faɗa. A tawa foldar akwai ɗari biyu da sha ɗaya. Tara na taɓa buɗewa, biyu daga ciki ma hannuna ne ya zame.

Kada ka wahalar da kanka wajen sanin aikinsu. Tambarinsu za ka haddace: mai buta, mai tsani, mai jimina. Idan wani ya kawo maka kuka, ka ɗan kalli sama ka ce, "Ai mai jiminar nan ita ce maganin wannan." Ba zai tambaye ka dalili ba, don tsoro yake kada ka gane bai san jiminar ba.

Ka tabbata kana da manhajar tsara ayyuka aƙalla shida. Ni abu na farko da na rubuta a kowacce shi ne in kwashe jerin ayyukana in mayar cikin ta gaba. Mutumin da ke rubuta abin da zai yi a bayan ambulan, ya kuma tashi ya yi shi, abin tausayi ne. Kada ka yi abota da shi.

2. Shiga zauren masana

Nemi zauren masu sha'awar kwamfuta a wayarka ka shiga. Kowane zaure yana da Farfesansa. Namu ya sauya tsarin kwamfutarsa gaba ɗaya sau sha tara a bana, kuma har yau ba a ji ya rubuta ko takardar neman hutu da ita ba. Shi ne abin koyinka.

Dokar zaure ɗaya ce: ba a amsa tambaya. Wanda ya yi tambaya, gaya masa ake yi kayan aikinsa ne ba daidai ba. Wani bawan Allah ya taɓa tambayar yadda zai buga hoton 'yarsa a takarda. Saƙo ɗari da arba'in aka yi a kansa, mutum biyu suka fice daga zauren cikin fushi, daga ƙarshe aka yanke hukuncin ya sayar da firintar. Hoton yana nan a wayarsa har yanzu.

A zauren za ka samu sauran kayan ado. Littattafai masu shafi dubu-dubu, ka sauke su duka, nauyinsu a faifai shi ne iliminka. Bidiyon nan masu cewa ga manhajoji goma da za su canza maka rayuwa, ka adana su a "zan kalla daga baya". Duk shafin intanet da aka turo, ka tura wa dangin matarka da sassafe, ka rubuta "mai muhimmanci" a ƙasa. Ba za su buɗe ba, kai ma ba ka buɗe ba, amma sunanka ya fito.

3. Raina duk abin da ke aiki

Nan gwanintar take. Koyi taɓe baki, da wani ɗan numfashi ta hanci wanda ke nufin "Allah sarki". Da su za ka tari duk wanda ka tarar yana aikinsa lafiya lau da abin da ya saba.

Ni a kan surukina na fara, mahaifin matata, wanda duk muke kira Baba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya zauna rubuta tarihin danginsu: wa ya haifi wa, daga ina suka taso, wa ya yi faɗa da wa a kan me. Da yatsa biyu yake bugawa, shafi ɗaya a yini in an yi sa'a. Idonsa kuma yana ta ja da baya, likita ya gaya masa gaskiya cewa ba zai dawo ba. Don haka tsere yake yi da idon. Kullum bayan karin kumallo yana teburin falo, hancinsa kusan a jikin gilashin kwamfutar. Duk aikin yana cikin fayil guda ɗaya tak, mai suna "littafi".

Na leƙa ta kafaɗarsa, na saki numfashin nan.

"Baba, da wannan manhajar kuke rubutu?"

"Da ita kwamfutar ta zo," in ji shi. "Wani abu ne?"

"A'a, ba komai. Ana dai amfani da ita, a da."

Lura da wannan "a da". Tsoho zai jure ka ce masa ya yi kuskure, amma ka nuna masa an wuce shi, ranar ko abinci ba zai yi masa daɗi ba. Shekara biyu ya yi yana rubutunsa hankali kwance, cikin minti ɗaya na sa masa shakka.

4. Amsa tambayar da ba a yi maka ba

Ranar da aka fara neman taimakonka, kada ka kuskura ka yi abin da aka ce. Baba cewa ya yi in ƙara masa girman haruffa. Aikin daƙiƙa uku ne, kuma wanda ya yi aikin daƙiƙa uku, godiyar daƙiƙa uku zai samu. Sai na ja kujera, na nemi a kawo mini shayi.

Na sa masa mai buta, na sa masa mai tsani. Na sa masa mai riƙe kalmomin sirri, shi da kalmar sirrinsa ɗaya ce a duniya. Na mayar da fuskar kwamfutar baƙa wuluk, don a zaure an ce haka masana suke yi, ga mutumin da da ƙyar yake ganin baƙi a kan fari. Na kwashe alamomin da ke fuskar na zuba su a folda cikin folda, saboda tsafta. Awa uku na yi. Girman haruffan na manta, matata ce ta ƙara masa washegari.

Baba ya nemi littafinsa ya rasa. Aka kira ni a waya ina tsakiyar nuna wa wata mata tayil ɗin banɗaki. Na zo, na danna sau biyu, littafi ya bayyana. Baba ya dubi mutanen falo ya ce, "Kun gani? Injiniya ke nan." Daga ranar sunan ya bi ni. Riƙe wannan da kyau: abin da ka ɓoye da hannunka, kai kaɗai za ka iya gano shi, kuma duk ganowa sai an yi maka godiya.

5. Kawar da abokin hamayya

A kowane gida akwai wani ƙaramin abu da ke aikinsa shiru-shiru yana rage maka daraja. A gidan Baba filash ne, wani ɗan shuɗi da ya ɗaure da zare a jikin makullansa. Duk ƙarshen mako sai ya soka shi a kwamfutar, ya ja "littafi" ya jefa ciki, ya zare ya mayar aljihu. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya koya masa, kuma bai taɓa tsallake mako ba. A gidan da ke da Injiniya, wannan ai cin fuska ne.

"Baba, wannan ba ajiya ba ce," na ce masa. "Ajiya ta gaske kwafi uku ce, a na'ura iri biyu, ɗaya kuma a can nesa da gida. Wannan abin ma na tabbata cike yake da bairos, cutar kwamfuta."

"To ya za a yi, Injiniya?"

"Ku ba ni shi. Kwanan nan zan kafa muku tsari na zamani, wanda zai riƙa yi da kansa."

Ya kwance zaren da haƙori ya miƙo mini. A ranar na goge filash ɗin tas, don Farfesa ya turo wani sabon tsarin kwamfuta da ake gwadawa daga filash, ni kuma ba ni da wani a kusa. Tsarin bai yi mini ba, minti goma na yi da shi.

Yanzu sai wurin da 'yan koyo suke faɗuwa: kada ka kafa tsarin da ka yi alkawari. Kwatantawa za ka yi ta yi. Manhajar ajiya sha huɗu gare ni, na zana musu jadawali mai launi-launi, wacce ta fi sauri, wacce ta fi tsaro. Wata takwas ina wannan bincike. Matata takan tambaya, "Wai ka yi wa Baba abin nan kuwa?" Sai in ce mata ba a gaggawa da harkar bayanai. Ita ma'aikaciyar jinya ce, a tunaninta in an ce za a yi abu, yi ake yi.

6. Kashe duk wani gargaɗi

Kwamfuta tana da raini. Ka ce ta goge abu, sai ta tsaya tambayarka, "Ka tabbata?" Wannan tambayar 'yan koyo ce. Shiga saitin kowace manhaja ka kashe ta. Akwai kuma wani kwandon shara da take ajiye abin da aka goge, ko mutum zai yi nadama ya dawo nema. Ka sa ta riƙa tsallake shi. Gwani ba ya nadama, kuma kwandon yana cin wuri.

Na yi wa kwamfutata haka, na yi wa ta Baba, ba tare da ya roƙa ba.

7. Ƙaramin aiki, ka kumbura shi

Wata Asabar da safe Baba ya sa aka kira mu. Muka tarar da shi a teburin falo yana ta murmushi, ƙannen matata sun kewaye shi.

"Na gama," in ji shi. "Na gama kafin idon ya gama. Shafi ɗari huɗu da sha biyu." Shekara shida ke nan cif. Matata har da share hawaye. Sai ya juyo wajena. "Injiniya, ɗan kwafe mini shi a wani abu, ranar Litinin za a kai maɗaba'a."

Ɗan koyo zai ja fayil ya jefa a filash, ya tashi. Kai kada ka zubar da mutuncinka haka a gaban surukai. Na fita na sayo sabon faifan ajiya, dal a kwalinsa. Na zaɓi zakara cikin manhajoji sha huɗun nan, wato mai jimina, na ɗora ta. Ranar ce farkon buɗe ta da na yi. Kafin komai na shiga saitinta na kashe gargaɗi, kamar yadda mataki na shida ya tanada.

Tana da gida biyu, hagu da dama, da wani zaɓi mai suna "madubi". Aikin madubi shi ne ya mayar da na dama daidai da na hagu, ba ƙari ba ragi. Abin da babu a dama ya kawo shi, abin da babu a hagu ya share shi daga dama. Akwai bayani mai shafi biyu da ya zo da ita. Kada ka taɓa karanta bayani a gaban mutane.

Na sa sabon faifan, wanda babu ko ɗigo a cikinsa, a hagu. Na sa foldar Baba a dama. Ina yi ina yi wa ƙannen matata lacca a kan kwafi uku. Na danna. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba, ai na riga na koya mata ladabi.

Daƙiƙa huɗu, koren layi ya cika.

"Har an gama?" in ji Baba.

"Ai shi ke nan, Baba. Shi ya sa muke ce muku a bi zamani."

Na buɗe sabon faifan don in nuna musu. Wayam. Na buɗe foldar Baba. Wayam. Manhajar ta yi aikinta babu kuskure ko ɗaya, gida biyun sun zama iri ɗaya sak. Na leƙa kwandon shara, shi ma fes yake kamar an wanke.

A nan za ka gane littafin ya tafi. Kada fuskarka ta nuna. Rufe kwamfutar a hankali ka ce, "Bari in tafi da ita gida in ƙara tace shi." Baba ya rako ni har bakin ƙofa yana sa mini albarka.

8. In ta ɓaci, ƙara manhaja

Fara da zaure. Rubuta cewa wani abokinka ne abin ya faru da shi. Farfesa ya amsa cewa duk mai amfani da mai jimina shi ya jawo wa kansa, alhali shi ya turo mini ita. Wani ya ce ai da an yi kwafi uku. Sai aka shiga jero manhajojin dawo da abin da aka goge, kowa da tasa, kowa na kushe ta ɗan'uwansa. Na rasa wadda zan zaɓa, sai na sauke biyar na ɗora su duka a kwamfutar Baba. Na ƙara da mai share datti, ko za ta buɗe musu hanya.

Sai ranar Talata, bayan na yi wa Baba ƙarya biyu a waya, na kai ta wurin masu gyara. Dama a zaure raina su muke yi, mutanen da ke taɓa kwamfuta da sukudireba. Wata mata ce a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, fanka na kaɗa mata takardu, ga matattun kwamfutoci jibge har rufi. Ta saurare ni ba ta ɗago ba.

"Da abin ya faru, ka kashe ta?"

"A'a, na ɗauki matakan gaggawa."

"Wane iri?"

Na lissafa mata biyar ɗin da sunayensu, har da wadda ta fi samun yabo a zaure. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"A kan wannan faifan ka ɗora su?"

"To a ina zan ɗora?"

"Malam, abin da aka goge yana nan kwance a wurinsa har sai an rubuta wani abu a kansa. Da ka kashe ta ka kawo mini ranar Asabar, kafin ka gama shan ruwa na fito maka da shi. Kai kuma ka kwana uku kana zuba masa kankare." Ta juya kwamfutar ta fara kwance ta. "Babu kwafi a wani wuri? Ko a filash?"

Ka ce babu. Kada ka yi ƙarin bayani.

Kwana biyu ta yi tana haƙa. Ta samo shafi sha tara, rabinsu wasu alamomi ne da ba na kowane harshe ba, sai hoton jimina guda arba'in. Da zan tafi ta tambaye ni aikina, na ce harkar fasaha. Ta ce Allah ya kyauta.

9. Ba da labarin yadda babu mai laifi

So na yi matata ta gaya masa, tunda mahaifinta ne. Ta ce, "Hannunka ya danna, bakinka zai faɗa." Tun daga nan ba ta ƙara ce mini komai ba sai abin da ya shafi cefane da makarantar yara.

Shirya kalamanka tun a hanya, kuma ka cire kanka daga cikinsu. Fayil ne ya samu matsala. Bayanai ne suka salwanta. Tsarin ne ya yi abin da ba a zata ba. Na zauna kusa da kujerar Baba na jero su duka, na haɗa da tarihin faifan ajiya tun daga farkonsa. Ya bar ni har na kai aya.

"Injiniya, littafin yana nan ko ba ya nan?"

"Shafi sha tara suna nan, Baba."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na jira faɗa, na ma shirya amsoshinsa. Bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai, don faɗa ne kawai na san yadda ake kare kai daga gare shi. Can ya ce, "Ni dai ba na ganin haruffa yanzu, ko an ƙara musu girma. Kai kana gani. Ranar Asabar ka zo da wuri."

Shekara guda muka yi, duk Asabar ina teburin falo. Yana faɗa ina bugawa, a manhajar nan da ta zo da kwamfutar. In mun tashi matata ta karɓa ta kwafe a filash uku, ta kai shagon buga takardu a fitar da shafukan, ta saka a jakarta. Ba ta bari in riƙe ko ɗaya. Abin mamaki, tsohon yana tuna kusan komai, wani wurin ma ya fi na farko daɗi, in ji shi. Har na fara tunanin in sanar da zaure cewa na taimaka wajen inganta littafin.

Sai muka iso babi na bakwai, na dangin mahaifiyarsa. 

"Wannan ba daga kaina na rubuta shi ba," in ji shi. "Yaya ce ta faɗa mini. Na kai kwamfutar har gefen gadonta a asibiti, kwana tara tana faɗa ina bugawa. Mutum talatin da ɗaya ta lissafa, kowa da garinsu da sana'arsa. Ita kaɗai ta san su, ni ina goye aka baro yankin nasu." Yayar tasa shekara uku ke nan da rasuwa.

Ya fara ƙirgawa da yatsa. Ya kawo huɗu. Ya koma farko ko na biyar zai biyo su, ya sake tsayawa a huɗu. 

"Cikin tarin kayan nan naka," in ji shi, kuma ba gatse ba ne, da gaske yake tambaya, "babu wadda ke tuno wa mutum abu?"

Akwai mana. Akwai wata mai tambarin fitila, an yabe ta ƙwarai a zaure. Har na buɗe baki. Sai na dubi yatsunsa, huɗu a miƙe, na biyar a lanƙwashe, wata irin kunya da ban taɓa ji ba ta kama ni, na ce, "Babu, Baba." Wannan kuskure ne, kai kada ka yi shi. Gwani ba ya cewa babu.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora da zuciya ɗaya ya ba da shawarwarinsa, kuma ba shi da alhakin duk abin da zai biyo bayan aiki da su. Ba ruwansa da fayil ɗin da ya ɓace, ko faifan da ya koma wayam, ko matar da ta koma amsa gaisuwarka da gyaɗa kai. Ba ruwansa da Asabar ɗinka. Hagu da dama kuwa, tun kafin a haife shi suke rikita mutane. Mai ƙorafi ya kai wa wanda ya ƙera manhajar, ko ya kai zaure, ko ya nemi wanda ya fara miƙa wa mai sayar da tayil kwamfuta.

Haka kuma, littafin Baba ya fito daga maɗaba'a a watan jiya, an raba wa dangi. Duk wanda ya buɗe babi na bakwai ya ga sunaye huɗu, a ƙarƙashinsu lamba biyar zuwa talatin da ɗaya babu komai a gabansu, kada ya mayar wa masu bugawa. Ba kuskurensu ba ne, marubucin jagorar nan kuma ya riga ya ce ba nasa ba ne. Baba ne ya ce a bar wa kowa layinsa.